Wa Ya Soki Ƙashin Auta?

Auta ta ɗago kai daga madubin ƙara girma, ta murza ido, ta sake leƙawa. Ramukan suna nan. Ga ƙashin ƙafar ɓera an yanka shi siriri, an rina shi ja da shuɗi gwanin kyau, amma daidai inda karayar ta haɗe, wurin da duk bincikenta ya rataya a kai, sai huda-huda kamar rariya.

Ɗakin gwajin na kowa ne. Masu binciken ƙashi da masu binciken tsoka duk nan suke kawo kayansu, su bi layi, suna tsokanar juna. Masu tsoka kan ce masu ƙashi sai sun yi furfura suke ganin sakamako, don tsoka daskarar da ita ake yi a yanka yau-yau, shi kuwa ƙashi sai ya sha jiƙo a ruwan magani mako da makonni kafin ya yi laushin da wuƙa za ta ci. Auta ce ƙaramar ɗaliba a ɗakin, kowa ya ɗauke ta ƙanwa. Wannan ƙashin kuwa shi ne na ƙarshe cikin ɓerayenta. In bai nuna yadda karaya ta warke ba, ba ta da abin kai wa masu jarrabawa, sai dai ta sake shekara.

Wani mai binciken tsoka da suke kira Likitan Tsoka, wanda ba a gama magana a ɗakin bai sa baki ba, ya matso ya leƙa.

"Barka, Auta! Kin gano ƙashi mai tagogi. Ki tuna da mu in kin yi suna."

"Yaya, don Allah ka bari," ta ce.

Ta san abin da ya yi ramukan. Doka ce a ɗakin, ba a soka wa ƙashi allura don a ji ko ya yi laushi, domin duk inda allura ta shiga sai ta bar rami. Dattijon da ke kan injin yanka, wanda suke kira Mahauci, ba ranar da ba ya nanata wannan doka. Ita kuwa da haƙurinta ya ƙare, ta faki ido ta soka sau biyu. Kunya da tsoro suka rufe ta.

Ana cikin haka Farfesa ya shigo, tabarau a goshi, ya zo ganin sakamakon ɗalibarsa. Ya zauna ya leƙa madubin, ya daɗe bai ɗago ba. Mahauci da Anti Mai Rini, wadda ke sa wa yanka launi, suka bar aikinsu suka tsaya a bayansa.

Auta ta ga gara ta faɗa da bakinta. "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni na soka masa allura sau biyu."

"Sau biyu?" Likitan Tsoka ya yi caraf. "Auta, ramukan nan sun fi ƙarfin sau biyu. Ko dai allurar taki keken ɗinki ce?"

Anti Mai Rini ta shiga goge teburin da ta riga ta goge. Can sai ta ajiye tsumman.

"To, ni dai sau ɗaya ne. Na ga yarinyar nan ta rame, ko abinci ba ta ci, na ce bari in duba mata ko ya kusa."

Likitan Tsoka ya sosa ƙeya. "Ni ma wucewa na zo yi, na ga kwalbar da aka jiƙa ƙashin tana kallona. Mu masu tsoka ba mu iya ganin abu a zaune."

Duk suka juya ga Mahauci. Dattijon ya gyara tsayuwa, ya haɗe rai.

"Ni nawa ba suka ba ne, gwaji ne. Kuma a gefe na yi."

"Baba, har da kai?" Auta ta ce. Dariya na neman ƙwace mata, hawaye kuma ya riga ya zubo. Ashe duk makonnin nan da take ganin ita kaɗai ke kwana da damuwar ƙashin, kowa na laɓaɓawa yana taya ta. Taimakon ya yi yawa har ya cinye mata shekara.

Farfesa ya ɗago a hankali, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Kowa ya shirya shan faɗa, don shi ba ya ɗaukar sakaci.

"Wannan babban ramin na tsakiya," ya ce, ya yi gyaran murya, "wanda ya cinye wurin karayar, ina ganin ba sai an tsananta bincike a kansa ba."

Anti Mai Rini ta toshe baki da tafin hannu. Farfesa ya miƙe ya buɗe kabad ɗinsa, wanda ko ƙura ba ya yarda a share, ya ɗauko kwalba.

"Ƙasusuwan ɓerayena ne, karaya iri ɗaya da naki, magani iri ɗaya. Na ajiye su don aikina ne, amma ki ɗauka. Masu jarrabawa kuma ni zan roƙe su su jira ki. Sai dai da sauran jiƙo, sai kin yi haƙuri."

Auta ta share fuska, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya har da rusunawa. Ta ajiye kwalbar a gabanta. Sannan ta juyo, ta miƙa musu tafin hannunta a buɗe.

"Ku yi haƙuri, manya. Kowa ya kawo allurarsa."

Suka dubi juna. Anti ta zaro tata daga bakin aljihu, Likitan Tsoka ya ajiye tasa yana gunaguni, Mahauci ya miƙa tasa yana kallon rufi. Farfesa ya daɗe yana lalube a aljihun gaba, hannun Auta bai sauka ba.

Nasa guda biyu ne.