Yayana a Layin Gaba

Tsarin zaman ne ya cuce ni. A tattaunawar marubuta da ake yi a laburarenmu, ba ka karanta littafinka da bakinka. Marubucin da aka haɗa ku ne zai zaɓi shafi daga naka ya karanta wa jama'a, kai ma ka zaɓa daga nasa, wai don kada kowa ya tsaya inda ya fi kyau. Har na yaba, na ce wannan wayewa ce, kafin in hango yayana a layin gaba, ya harɗe hannu a kan tumbi.

Ban gayyace shi ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makaranta, kuma shi ne Babban Wa na littafina, mutumin da ke mulkin 'yan'uwansa da sunan kulawa. Na canja masa sana'a, na ƙara masa tsawo, har gashin kansa da ya zube na mayar masa. Abu ɗaya na kasa cirewa saboda daɗinsa a takarda: yadda yake sosa kunne da mukullin mota kafin ya yanke wa mutum hukunci.

Wadda aka haɗa mu a zaman malamar jami'a ce, mai littafi a kan matan da ke aikatau. Tun kafin a fara nake yi mata raɗa.

"Don Allah, Malama, ki karanta wajen ruwan saman nan."

"Wajen da ka yi shafi guda kana siffanta kwata? Haba, Malam. So kake su yi barci?"

Shugabar zaman ta fara da ni. Ta ce, "Daga ina kake samo mutanen labarinka?"

"Daga iska," na ce. Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

Malama ta karɓe. "Ƙarya yake, kuma duk haka muke. Marubucin da bai ɓata wa danginsa rai ba bai fara aiki ba. Zaluncin da ya fi ciwo a tsakar gida ake yinsa, da murmushi." Aka tafa. Ni ma na tafa, kamar wanda ke taya masu haƙa kabarinsa.

Sai ta buɗe littafina. Ta iya karatu, Allah ya isa. Ta ba Babban Wa murya mai kauri, da ta zo kan mukullin kuwa har ta kai yatsa kunne. Zauren ya fashe da dariya. Na duƙufa kan kwalbar ruwan gabana ina karanta rubutun jikinta. Da na saci kallo, yayana bai yi dariya ba. Bai kuma motsa ba.

Lokacin tambayoyi hannunsa ne ya fara tashi. Aka miƙa masa makirfo, ya ƙi karɓa. Bai taɓa buƙatarsa ba.

"Auta," ya ce. Furfurata da komai, a gaban jama'a. "Wannan mutumin naka, shi ya riƙe ƙannensa?"

"Shi ne, Yaya."

"Kuma babu abin kirki ko ɗaya da ya yi?"

Na buɗe baki in yi bayanin bambancin rayuwa da ƙagaggen labari, bayanin da nake ci da shi a taruka. Sai na tuna yadda na ƙare littafin. A babin ƙarshe Babban Wa na mutuwa ne shi kaɗai a asibiti, ƙannensa suna waje suna gardamar wanda zai shiga.

Malama ta sunkuyo, yanzu ta gane. "Ranka ya daɗe, ai a ƙarshen littafin..."

"Kada ki faɗa min, 'yata. Ban kai nan ba." Ya miƙe a hankali, yana dafa kujera. "Rubutun ƙanana ne, idona ya daina ɗauka. Na tsaya inda ya hana ƙanwarsa aiki." Ya dube ni. "Ka zo gida Asabar ka karanta min sauran. Da bakinka. Kada ka tsallake ko layi, zan gane."

Jama'a suka tafa, sun ɗauka zumunci ne. Shugabar zaman ta ce yanzu lokacina ne in karanta daga littafin Malama. Na buɗe shi a juye.