Muryar Aro ta Leonor Valdivia

Duk wanda ya girma a Meziko a zamanin fim baƙi-da-fari ya san muryar Casilda Orozco, amma in ka cire mijinta da Leonor Valdivia da wasu mutum uku da suka daɗe da mutuwa, babu wanda ya san tata ce. Fim ashirin da uku ta yi wa waƙa. Ita tana tsaye a ɗakin ɗaukar murya da silifas a ƙafa, Leonor Valdivia kuma tana gaban kyamara tana motsa baki, tana lumshe ido, tana dafe ƙirji. Allah Ya ba Leonor fuskar da ke sa maza su manta hanyar gida, amma in ta buɗe baki da sunan waƙa, sai ka ce ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti. Kamfanin fim ɗin ya sa Casilda ta sa hannu a takarda cewa ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta sa, ta kuma kame bakinta shekara arba'in.

Yanzu shekarunta saba'in da ɗaya. Suna zaune a hawa na biyu a unguwar Santa María, ita da mijinta Nicanor, tsohon makaɗin jita wanda sanyin ƙashi ya lanƙwasa wa yatsu. Wata Talata da hantsi tana yanka albasa aka kira waya. Mai jinyar Leonor ce, wata mata mai suna Herminia.

"Doña Leonor ce ke son ganinki. Yau in da hali. Likita ya ce kada a jira gobe."

Nicanor ya sauke jaridarsa. "Shekara talatin ko gaisuwar Kirsimeti ba ta aiko miki ba, tsohuwa. Sai yanzu da ta hango rami ta tuna da ke?"

"Rufe mini baki, tsoho, ka miƙo mini gyalena."

A cikin mota ta yi ta shirya abin da za ta ce in Leonor ta nemi gafara. Ta yanke cewa za ta yafe, amma sai ta ɗan ja mata rai tukuna.

Gidan Leonor a unguwar Coyoacán yake, bayan wata doguwar katanga. Herminia ta bi da ita ta wani lungu da aka jera hotuna, duk fuska ɗaya ce, ta tura ƙofa ta koma. Ƙarfe biyu na rana ne, haske ya cika ɗakin. Leonor na jingine a kan gado da gashin kanti baƙi ƙirin, leɓe ya sha jan-baki, wuya kuma an naɗe shi da bandeji. Ciwon daji ya cinye maƙogwaron. An girke wani ƙaton madubi a ƙarshen gadon, yana fuskantarta.

"Casi," ta ce, muryar ba ta fi raɗa ba. "Kin yi ƙiba."

"Ke kuma kin tsufa, Leo. Ashe taurari ma na tsufa."

Leonor ta so yin dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta nuna labulen taga da yatsa.

"Ki shiga bayan labulen can, inda ba zan gan ki ba. Ki yi mini waƙar tashar jirgi. Ina so in ga kaina ina rerawa sau ɗaya kafin in tafi."

Casilda ta tsaya da jaka a hannu.

"Abin da kika kira ni ke nan? Daga can unguwarmu har nan?"

"To me kike so in ce miki?" Leonor ba ta kalle ta ba, madubin take kallo. "Ke kullum da yamma kina komawa gida da muryarki. Ni da me nake komawa? Duk inda na shiga sai a ce, Leonor, ɗan rera mana. Sai in dafa wuya in ce mura nake yi. Shekara arba'in ina mura, Casi."

Casilda ta so ta juya ta fita. Amma ta ga ƙasusuwan hannun matar a kan bargo, sai ta ajiye jakar, ta shiga bayan labulen. Ƙura yake wari. Ta gyara murya ta fara.

Waƙar wata mace ce da ke zuwa tashar jirgin ƙasa kowace Lahadi tana duba fuskokin masu saukowa. Muryar Casilda ta tsufa, tana rawa a wuraren da a da take miƙewa sambal, amma ta kai ƙarshen baiti na farko lafiya. A tsakiyar na biyu ƙurar labulen ta shige mata maƙogwaro. Ta toshe baki da tafin hannu tana tari.

Waƙar ba ta tsaya ba.

Ta ci gaba daga daidai kalmar da Casilda ta sake ta. Kuma ba muryar tsohuwa ba ce. Muryar Casilda ce tana 'yar shekara ashirin da biyar, garau, ta cika ɗakin, har da ɗan jan numfashin da takan yi kafin amshi, wanda masu ɗaukar murya suka yi ta yi mata faɗa a kai. Casilda ta matse bakinta da hannu biyu don ta tabbatar ba daga cikinta take fitowa ba. Babu garmaho a ɗakin, babu rediyo, ta riga ta duba da ta shigo.

Ta ɗaga gefen labulen. Leonor na zaune tsam ba jingina, hannu ɗaya a ƙirji, jijiyoyin wuyanta suna motsi a ƙarƙashin bandejin. Ta cikin madubin idanunta suka sauka kan Casilda, suka tsaya nan. Ta hau da waƙar har can ƙololuwar da Casilda ta yi shekara ashirin ba ta kai ba, ta riƙe, ta riƙe, sannan ta sake. Sai ta koma kan matashi a hankali.

Ƙofa ta buɗe, Herminia ta shigo tana tafi.

"Kai, Doña Casilda! Ashe haka kike da murya? Wallahi sai na ce a fim nake ji. Ashe ke ce..."

Ta kalli gado, tafin ya tsaya. Ta je ta kama wuyan hannun Leonor, ta daɗe tana riƙe da shi.

"Hannun nan ai ya yi sanyi ƙalau," ta ce. "Tun yaushe?"

Casilda ta ɗauki jakarta ta fita, ko gyalen ba ta tsaya gyarawa ba.

Ba ta gaya wa Nicanor komai ba, sai dai cewa matar ta cika. Ran Alhamis suka kalli jana'izar a talabijin. Jama'a sun cika titi maƙil, mata na jifan motar gawa da furanni, dubban bakuna na rera waƙar tashar jirgi. Nicanor ya yi tsaki ya fi sau goma. Casilda kuwa kofin shayinta ta riƙe har ya huce.

Herminia ba ta iya riƙe abin da ta ji ba. Bayan mako biyu wani ɗan jarida mai suna Fermín Quiroga ya hawo benen da rikoda a rataye. Ya ce ya bincika, kamfanin fim ɗin ya rushe tuntuni, takardar da ta sa wa hannu ba ta da sauran ƙarfi. Baiti ɗaya kawai yake so. Zai kai wa masana su gwada da na cikin faifai, ƙasa duka ta san gaskiya.

Nicanor har da rawar jiki wajen sauko da jita daga kan kabad.

"Shekara arba'in nake jiran ranar nan," ya ce yana ɗaure tsirkiya. "Tashi tsaye, tsohuwa, ki nuna wa yaron nan yadda ake waƙa."

Tun ranar Talatar nan Casilda ba ta gwada rera waƙa ko da ƙasa-ƙasa ba. Ta miƙe, ta dafa bayan kujera. Nicanor ya kaɗa mata shiga. Ta buɗe baki.

Abin da ya fito kaushi ne da ƙara, ya kauce wa kiɗan tun daga kalmar farko, yana fita ta hanci, yana haɗiye ƙarshen kalmomi. Casilda ta tsaya, ta sha ruwa, ta sake. Haka dai. Yatsun Nicanor suka sandare a kan tsirkiya. Ya san wannan muryar. Yana cikin makaɗan da aka tara ranar da aka gwada Leonor a kamfani, ranar da darekta ya toshe kunne ya ce a nemo wata.

Ɗan jaridar ya kashe rikodarsa cikin ladabi. Ya ce tsufa ba ta barin kowa, ya yi godiya da shayi, ya sauka. Bai rubuta komai ba.

Nicanor ya jingine jitar, ya zuba wa matarsa ido.

"Casilda. Wace ce wannan?"

Sai a lokacin ta ba shi labarin abin da ya faru a bayan labule. Bai ce ta yi mafarki ba. Ya kai ta wurin likita, likita ya leƙa ya ce maƙogwaronta lafiya lau. Ya kai ta coci wurin fada, fada ya yi mata addu'a ya ce ta riƙa hutawa. Muryar da take magana da ita tata ce, ba ta canja ba. Waƙar ce kawai. Casilda ta ce to ta daina waƙa, ai ba dole.

Amma wata safiya tana wanke-wanke, ta juyo ta ga Nicanor tsaye a bakin ƙofar kicin, fuskarsa ba jini.

"Me ya faru?"

"Waƙa kike yi."

"Ni? Ban buɗe baki ba."

"Tun ɗazu kike yi. Hawa da sauka, hawa da sauka, irin na masu koyo."

Daga nan abin ya zama na kullum. Da zarar hannunta ya kama aiki hankalinta ya tafi wani wuri, sai muryar ta fito ta kama gwaji. In ta kuskure wuri sai ta koma baya ta sake, ba gajiya. Casilda ba ta jin komai sai bushewar maƙogwaro daga baya. Nicanor kan fita ya zauna a dandali har azahar don kada ya ji. Wata rana ya dawo da wuri, ya tsaya a kan matakala yana saurare, ya ji muryar ta bi baiti guda cur ba ta kauce ba. Ya ce wannan ya fi kaushin ba shi tsoro.

Wajen watan Nuwamba Casilda ta haɗu da maƙwabciyarsu Doña Eduviges a ƙasan bene, kowacce da kwandon cefane.

"Maƙwabciya, wai wa ke koyon waƙa a gidanku ne? Da farko wallahi na so in hawo in roƙe ta ta ji tausayin kunnuwanmu. Amma yanzu kam ta fara iyawa. Jikarki ce?"

"Baƙuwa ce," in ji Casilda.

"Ayya. Ta daɗe kuwa. Yaushe za ta koma?"

Casilda ta gyara riƙon kwandonta, ta sa ƙafa a matakala ta farko.

"Ba ta faɗa ba."