Ƙwan Tsaka a Tsagar Bango

...kuma biyu ne, ba ɗaya ba. Ƙwai farare, kamar ƙwayar wake, manne a cikin tsagar bangon ɗakinta. Dijatu na tsaye da curin laka a hannu, ta kasa yaɓawa. Hadari kuwa ya haɗo ta gabas.

In ba ta toshe tsagar nan yau ba, ruwa zai shiga, kuma bara ma da ƙyar bangon ya kai kaka. In ta toshe...

To, ina ruwanta da ƙwan tsaka? Tsaka fa! Wadda duk Kurfey ake bi da takalmi, wai in ta faɗa a fura sai kuturta. Ita ma da tsintsiya ta bi uwar ƙwan nan ranar farko da ta gan ta — wutsiya ta gutsure tana ta mutsu-mutsu a ƙasa, mai ita ta haye sama abinta. Mijinta Magagi ya yi dariya har da tari. "Bar ta, Dije, mi tac ci miki? Sauro taka ci." Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, har yanzu tana jin tarin nan.

Wutsiyar ta sake tsirowa, gajera, baƙa-baƙa. Da ita take gane ta. 'Yar banza, ko ƙifta ido ba ta iya ba, sai ta zaro harshe ta lashe shi. Ta yi saɓa ta cinye abarta, ba ta bar wa mai shara komai ba. Da magariba ta yi 'yar ƙararta, cak-cak-cak, Dijatu ta ce, "Na jiya, na jiya." Wa kuma ke mata magana a ɗakin nan tun da ɗanta Aminu ya koma Yamai? Tana son ta, wallahi. Abin kunya, tsohuwa da son tsaka.

A ɓamɓare su? Sun kafe, fashewa za su yi. A jira su ƙyanƙyashe? Kwana nawa — arba'in? Hamsin? Bangon zai kai?

Iska ta bugo ƙofa. Ɗigon farko ya faɗo a kan rufi.

Ga tsakar can ta leƙo daga sama, maƙogwaro na bugawa. Ko kallon ƙwan ba ta yi. Haka suke — a saka, a tafi, ba kwanci, ba reno. Ta ma manta da su. Ashe duk duniya mutum ɗaya ce ta san suna nan, kuma ita ce... ita ce aka aiko ta binne su.