Hoton Wakil a Katangar Otal

A cikin Keke Napep nake, ƙullin barkono a kan cinyata, sai na hangi fuskar mijina a jikin katangar wani otal. Ƙyalle ne mai faɗin tabarma biyu. Ga Wakil tsaye da hularsa zanna, ya dafa kwalin bandar kifi, yana murmushin da na daɗe ban gani ba. Ban yi boko ba, amma na san a shekarun nan ba a kafa fuskar mutumin Borno a bakin titi don alheri.

Matar da ke gefena da alama malamar makaranta ce, sai na roƙe ta ta karanta mini rubutun. Ta karanta a zuci, ta juyo ta dube ni, ta ce taro za a yi gobe a kan yadda fatake ke biyan 'yan bindiga haraji. Ta tambaye ni ko na san mutumin. Na ce ban san shi ba. Allah ya yafe mini, shekararmu ashirin da biyu da aure.

*

Tun da muka gudo daga Baga muka kama haya a unguwar Pantami, masu tambaya na ƙungiyoyi da 'yan bincike ba su bar mu mun huta ba. Mun zama rijiyar unguwa, kowa ya zo da gugansa. Wannan ya tambayi 'ya'ya nawa muka binne, wancan ya tambayi abin da muka ci jiya. Su rufe takarda su tafi, su bar mu da abin da suka tono.

Janet ta fita daban, ba zan ci haƙƙinta ba. Ɗalibar jami'a ce, 'yar Kaltungo. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma, ta ci burabusko da hannu tare da mu. Ta ce bincikenta a kan yaƙi da kasuwa ne: wa ya karye, wa ya yi ƙiba, me zaman lafiya zai dawo da shi. Ta yi rantsuwa cewa ba za a rubuta sunan kowa na gaskiya ba.

Shi kuwa Wakil, tun da ya bar fatauci ya koma gadin shagon wani, babu wanda ya sake tambayarsa yadda ake gane kifi mai kyau. Da ya samu mai saurare, sai baki ya buɗe. Ina madafa na yi tari, na buga murfin tukunya, ko a jikinsa. Ya lissafa mata hanyoyi, ya ce mutanen daji suna karɓa, masu shingen hanya ma suna karɓa.

"'Yata, duk wanda ya ce miki ya fito da kifi daga tafki bai biya kowa ba, to ba kifi ya sayar ba."

Daga nan ya tashi ya ɗauko hoton nan nasa da kwalin kifi daga cikin gafakarsa. Shi kaɗai ne hoton da ya biyo mu gudu, kuma baƙon da ya shiga ransa kawai yake nuna wa. Janet ta nemi izini ta ɗauka da wayarta, don ta riƙa tunawa da mu.

*

Ranar da na ga ƙyallen, ina isa gida na kira Janet. Kafin la'asar ta iso, idanunta jajur. Ta ce hoton ya shiga cikin kayan aikin da ta miƙa wa malaminta, Dokta Sa'idu, su kuma waɗanda suka ɗauki nauyin binciken sun ce suna son fuskar mutum a gaba. Ta je ta roƙe shi a sauke, ya ce an riga an buga, kuma ai an canza suna, babu abin fargaba. Sai ta sunkuyar da kai ta ƙara da cewa a cikin manyan baƙin taron akwai jami'an tsaro.

Na durƙusa na roƙi Wakil ya tafi Kumo wurin ƙanwata, ko da na wata ɗaya ne. Ya ce ya yi gudu sau ɗaya da yara a kafaɗa, ba zai sake gudu saboda hoto ba, kuma in ya ɓace yau to ya amsa laifin da bai yi ba. Na san kansa. In ya kafe, gara mutum ya lallashi turmi. Ya gyara hula ya tafi wurin aiki.

Ranar taron ban ci komai ba. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na leƙa ta ƙofa. Na ƙona tuwo sau biyu. Washegari maƙwabciyata da muke aron gishiri ta daina amsa sallamata da kyau, na gane ita ma ta bi ta titin otal ɗin.

A rana ta uku, bayan azahar, mutum biyu suka yi sallama. Kayan gida ne a jikinsu, ga ladabi kamar masu neman aure. Suka ce 'yan tambayoyi ne kawai, yanzu zai dawo. Ɗayansu ya nemi ainihin hoton, Wakil ya buɗe gafaka da hannunsa ya ba shi. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Yakura, ki rufe mini abincina."

*

Wata bakwai ke nan bai dawo ba. Babu ofishin da ni da Janet ba mu taka ba, har takalminta ya tsinke. Ko'ina sai a duba littafi a ce ba a san da shi ba. Wani mai tausayi ya ba mu shawara mu kawo takarda daga jami'a, mai shaida cewa Wakil ɗan kasuwa ne da ya amsa tambayar bincike, ba ɗan aiken kowa ba. Janet ta kwana uku tana bin Dokta Sa'idu. Ya ce yana jin zafin abin ƙwarai, amma ƙa'idar bincike ta hana shi bayyana sunan wanda aka yi hira da shi, don kare lafiyarsa.

Jiya da hantsi ta zo da wani littafi a leda. Ta daɗe a tsaye a zaure kafin ta shigo.

"Mama, ban san ko za ki so ki gani ba. Rahoton ne ya fito."

Na karɓa. Takarda mai sheƙi, ga Wakil a bango, ya dafa kwalinsa. Duk duniya ba ni da wani hoton nasa sai wannan. Na tambaye ta me aka rubuta a ƙasansa. Ta ce an rubuta Bakari, ɗan kasuwar kifi. Na ce ta nuna mini daidai inda sunan yake, ta nuna.

Na sa babban yatsana na rufe wurin, na ci gaba da kallon mijina.