Ranar Wizza a Makka

Abubakar Rabe ya yi kusan shekara arba'in a Makka bai halarci ranar Wizza ba, kuma bai taɓa jin ya rasa wani abu ba.

Wizza jirgin ruwa ne na garinsu Kosti, can ƙasar Sudan, irin na dā mai cin itace, da ƙaton wili mai fukafukan katako yana juyawa yana dukan ruwa. Akwai sunan Turanci a jikinsa da ba wanda ya iya faɗa, sai aka sa masa Wizza, wato dinya, agwagwar ruwa, saboda yadda yake tafiya yana rangaji. Yawancin ma'aikatansa Hausawa ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar hajji, suka tsaya neman na gaba. Da yaƙin Hitila ya zo, aka sa jirgin jigilar sojoji da hatsi da alfadarai zuwa iyakar Habasha. Yana dawowa wata rana jirgin saman Italiya ya sakar masa bam. Mutum tara suka mutu. Rabe, mahaifin Abubakar, wanda aikinsa zuba itace a wuta, ya fita da ƙonannen hannu. In aka tambaye shi yadda yaƙin ya kasance, cewa yake shi dai bai gani ba, yana ƙasa wurin wuta.

Tun daga nan, duk shekara in kogi ya janye, 'ya'ya da jikokin ma'aikatan sukan taru a gindin gawar jirgin, a sauke Alƙur'ani, a kira sunayen mamatan, a ci shinkafa da kifi. Abin da Abubakar ya riƙe daga waɗannan taruka shi ne rana da ƙuda. Da ya samu aikin tuƙa bas a Makka, ya yi ta kai alhazai daga Kudai zuwa Harami, lokacin hajji kuma Arfa zuwa Muzdalifa, har ya tsufa ya ajiye. Ko kwalekwale bai taɓa shiga da son ransa ba.

Sai yaƙi ya ɓarke a Sudan, yayarsa Mujahida ta iso.

Ta haura tamanin. Ta zo da ƙaramar jaka da wani dogon abu naɗe cikin bargo, wanda mutum biyu suka hau da shi bene suna nishi. Da aka kwance a falo, sai ga baƙin katako mai ramukan ƙusa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Fiffiken Wizza."

"Ina kekenki na ɗinki?"

"Abu ɗaya suka ce in ɗauka."

"A tashar Jidda ba su tambaye ki ba?"

"Sun tambaya. Na ce katako ne. Suka duba suka ga katako ne."

Ta sha shayi, ta yi barci, ta tashi ta shaida masa cewa kogi ya kusa janyewa. Abubakar ya ce a nan babu kogi. Ta ce ta lura, amma ranar ba ta san haka ba.

Ya kai kuka wurin surukinsa Turki, mijin 'yarsa Samah, da fatan ya taya shi kashe maganar. Turki haifaffen unguwar Jarwal ta Makka ne. Kakanninsa Katsinawa ne, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Sai aka yi rashin sa'a abin ya burge shi.

"Ya ammi, jiddi ya yi harb? A safina? Wallahi lazim mu yi hafla." Da Larabcinsa, tambaya yake ko kakansa ya yi yaƙi a jirgin ruwa, yana cewa dole a yi walima.

"Ba kakanka ba ne."

"Kakan yarana ne. Halas, bar mini."

Turki ya kama istiraha a bayan gari, irin gidan hutun nan da ake haya don walima, ya zaɓi mai wurin wanka na yara don a samu ruwa a kusa. Ya kuma sa aka buga ƙaton hoton jirgi a kan leda. Da ya kawo, Mujahida ta daɗe tana kallo. Farin jirgi ne mai hawa huɗu, da fitilu, da Turawa a sama suna ɗaga hula.

"Wannan gidan waye?"

"Wizza ce, ya ammati. Ya'ani irinta."

"Wizza ba ta taɓa yin fari ba. Kuma wilinta a baya yake."

Abubakar, wanda bai yi niyyar sa baki ba, ya ji kansa yana cewa a gefe yake. Suka yi ta musu har shayi ya huce. Shi gawar jirgin kawai ya sani, bayan an kwashe wilin. Ita kuma tana goye aka jefa bam. Aka bar hoton, tunda an riga an buga.

Ranar Juma'a bayan la'asar mutane suka zo, sun fi yadda aka zata: 'yan Kosti masu sayar da turare da tasbaha a Kudai, matan da yaƙi ya koro, da maƙwabta. A cikin maƙwabtan akwai Alhaji Nasir, Bakano mai shagon barguna. A bakin mutanen Sudan jirgin ruwa mai inji babur ake ce masa, kuma haka aka gayyace shi. Ya zauna ya saurara, can ya sunkuyo.

"Malam Abubakar, mutum tara a kan babur ɗaya?"

"Da alfadarai."

Alhaji Nasir ya yi salati, bai ƙara tambaya ba.

Aka jingina katakon a bakin wurin wankan. Wani matashin malami da Turki ya gayyato ya jagoranci karatu. Da aka shafa, Mujahida ta miƙe daga ɓangaren mata, ta dogara sanda, ta tako har gaban katakon. Babu takarda a hannunta. Haka ta ji uwarsu tana yi, haka take yi tun rasuwar uwar.

"Ɗanjuma na Gwandu, mai igiya. Isa Bakatsine, mai tuƙi. Sale ɗan'uwansa. Mamman Zindar, mai dafa abinci. Garba Kurma. Haruna mai auna zurfi. Usman Dongolawi, mai gyaran inji. Majok, mai wuta."

Malamin ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, afwan. Wannan Majok ɗin, musulmi ne?"

"Dinka ne, mutumin kudancin Sudan."

"To ai addu'ar da muka yi..."

"Addu'a ka gama taka. Ni suna nake kira. Majok ne ya turo babanmu ta ƙofar itace ya koma ɗauko Sale. Ka zauna."

Malamin dama a zaune yake. Ya dai ƙara zama.

Mujahida ta buɗe baki za ta kira na tara, sai ta tsaya. Ta dubi katakon. Ta koma farko a hankali tana lanƙwasa yatsu, ta sake isowa kan Majok, ta sake tsayawa. Injin tace ruwan wankan na ta gurnani. Abubakar bai taɓa ganin yayarsa ta nemi abu a kanta ta rasa ba, kuma ya san a duk wurin babu wanda za ta juya ta tambaya.

"Audu Ba-gida," ya ce daga inda yake.

Bai san daga ina sunan ya fito ba. Ya zo masa ne da muryar uwarsu, har da yadda take jan ƙarshensa. Audu yaro ne da ya shiga jirgin a wata tasha, bai faɗi garinsu ba, ba wanda ya zo neman gawarsa.

"Audu Ba-gida," in ji Mujahida. Ta juyo ta dube shi. "Ashe kana ji."

"Ba na ji. Kusa da tukunya nake zama."

Aka kawo shinkafa da kifin Jidda. Tsofaffin Kosti suka ce kifin teku ba shi da ɗanɗano, suka cinye tas. Wani jikan Abubakar ya faɗa ruwan da kayansa, Turki ya shiga ya ciro shi, ruwan iya gwiwa. Alhaji Nasir, wanda aka yi wa bayani ana cin abinci, ya ce yanzu lissafin ya fita.

A mota, hanyar komawa Kudai, Mujahida ta sa Abubakar ya maimaita sunayen. Ya sa Sale kafin Isa, ta ce ƙane ba ya riga wa. Ya sake, ta ce ya cika sauri, ba fasinja yake kira ba.

Ba ta koma Kosti ba. Ta rasu a Sha'aban na shekarar da ta biyo, aka yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Da labari ya zo ta waya cewa kogi ya janye, Abubakar ya kira Turki ya ce ya nemo wuri. A taron nan shi ya miƙe, da sabuwar riga da Samah ta goge masa. Ya kira taran a jere ba gargada. Matan Kosti suka ce muryarsa ba ta kai ba, na baya ba su ji ba. Sai ya matsa gaba kaɗan, ya sake daga farko.