Man Ranar da Mai Fenti Ya Haɗa

Wani dare, ba a jima da kwashe kwanukan abinci ba, na ji wani sauti da ban taɓa jin irinsa a gidanmu ba. Ƙwar-ƙwar-ƙwar, sai ya tsaya, sai ƙwas, sai ya sake. Da fari na ce ɓera ne ya faɗa gwangwani. Amma ɓera ba ya hutawa daidai bayan juyi goma sha biyu, ni kuwa na ƙirga. Har na fara tunanin ko wani baƙon tsuntsu ne ya sauka a rufinmu yana wasa baki. Na ɗauki tocila na bi sautin zuwa ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, inda ɗana ke ajiye kayan aikinsa.

Shi ne a tsugune. Ɗan nawa shekararsa ashirin da bakwai yana fenti, har unguwa ta manta sunan da na raɗa masa, kowa Mai Fenti yake ce masa. Kofin shayi ne a hannunsa, yana juya wani abu da cokali, in ya gaji ya ƙwanƙwasa cokalin a bakin kofin. Ga ƙananan kwalaben kala a jere a gabansa, ga madubin matarsa jingine da bokiti.

"Baba, ba ka kwanta ba?"

"Ina zan kwanta kana kiran aljanu da cokali? Me kake dafawa?"

"Fuskata nake haɗawa."

Na haska fuskarsa da tocila.

Shekara biyu ke nan da fatar fuskarsa ta fara zubar da launinta. Wani ɗan fari ne ya fito gefen ido, ya yi ta faɗi har ya ci kunci ɗaya da rabin goshi. Ni a idona na kuncin ya yi kama da akuya mai waiwaye, amma ban taɓa gaya masa ba. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, rana ce kawai ba ta ƙaunar wurin. Shi kuwa aikinsa a kan tsani yake, jikin bangon waje, tun safe har la'asar. Farin ya riƙa yin ja, ya tara ruwa, ya saɓule. Likitar fata ta ce ko dai ya riƙa shafa man kare rana mai lamba hamsin a jiki, yana sabuntawa duk bayan awa biyu, ko ya sauka daga tsani har abada. Mutumin da bai iya riƙe komai ba sai buroshi, ga mata, ga 'ya'ya uku a makaranta, ga ni.

Ya sayo man. Da ya shafa, farin yana nan inda yake, baƙin kuma ya koma toka-toka da shuɗi-shuɗi, kamar wanda aka tono daga kabari. Ranar farko yana fentin wani bene mai hawa uku, wata mata ta buɗe taga suka yi ido biyu. Ta kurma ihu, ta ture tukunyar furenta, ta faɗo ta tarwatse dab da ƙafar ɗan kwangilar da ya ba shi aikin. Ɗan kwangilar ya jira ya sauko, ya ce, "Oga, ko ka zo da fuskar mutane ko ka zauna gida. Mutanen nan ba kallon fatalwa suka zo yi a gidajensu ba."

Shi ne fa ya tsuguna da kofi, yana zuba wa man kala.

"Duba nan, Baba." Ya miƙo mini wani guntun katako da ya ja wa layi-layi, kowanne da irin duhunsa. "Mutane suna zaton baƙin mutum baƙi ne kawai. Akwai ja a ciki, akwai rawaya. Ruwan ƙasa ɗigo biyar, baƙi uku, ja ɗaya, rawaya a kan tsinke. Wannan na shidan ne ni." Ya kara katakon a wuyansa. Wallahi ban gane inda katako ya ƙare fata ta fara ba.

"Likita ce ta ce a zuba kalar bango a ciki?"

"Likita ta san ciwo, Baba, ni na san kala."

Daga nan ya jawo wani gwangwani, ya buɗe da bakin sukundireba. Warinsa ya cika ɗakin. Banish ne, ruwan nan mai ƙyalli da yake shafa wa ƙofofi don kada ruwa ya ci su. Ya ɗiga rabin cokali.

"Wannan kuma fa?"

"Ta ce duk awa biyu. Wa zai sauko daga hawa na uku duk awa biyu? Akwai ƙofar da na shafa wa wannan, shekara biyar ruwa na dukanta, ko gezau."

A nan ya kamata in buɗe baki. Amma kalar tana ta kewaya a kofin, ja yana bin baƙi, baƙi yana haɗiye shi, ni kuma na tsaya kallo kamar yaro a bakin rijiya.

Da safe ya fito tsakar gida da tsaninsa a kafaɗa. Surukata tana tace shayi, ta ɗago kai, ta ci gaba da zubawa har ya cika kofi ya malale kan tabarma.

"Baban yara? Innalillahi! Kai ne?"

Farin ya ɓace. Fuskar da ya yi aure da ita ce ta dawo, sumul, har tana ɗan sheƙi. Surukata ta miƙa hannu za ta taɓa, ya kauce.

"Bai gama bushewa ba."

Matar tela, maƙwabciyarmu, tana tara ruwa a famfon da muke haɗawa da su. Ta saki bokiti ta riƙe haɓa.

"Maƙwabci, ina ka kai farin? Ka bayar aro ne?"

"Yana nan a ƙasa, na yi masa shafi biyu," in ji shi, ya fita yana fito. Rabon da in ji ya yi fito har na manta.

Ba a kira azahar ba motar ɗan kwangila ta tsaya a ƙofar gida. Ɗan kwangilar ne ya fito da ɗana, riƙe da hannunsa kamar makaho. Na dubi fuskarsa. Ta kumbura har idanun sun koma tsagu biyu. Goshin ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, baƙin ya nannaɗe a gefe-gefe, jan nama yana leƙowa ta ƙarƙashi. Kuncin dama ya fi muni, danye sharaf. Surukata ta ɗora hannu a ka.

"Tun ƙarfe goma yake cewa fuskarsa na ɗaure shi," in ji ɗan kwangila. "Da rana ta take sai ya ce wuta ce. Ya sauko ya wanke da ruwa, abu ya ƙi fita. Kafin in juyo, Baba, ya jiƙa tsumma da tina, wadda yake wanke buroshi da ita, ya goga a kunci. Ihun da ya yi, har masu gadin layi na gaba sun rugo."

"Ita ce ke fitar da banish," in ji ɗana ta leɓɓan da suka yi nauyi. "Ba wata."

A asibiti likitar ta duba fuskar ɗana. Sannan ta cire tabarau ta ajiye.

"Shekarata goma sha tara a aikin nan," ta ce. "Na ga masu shafa toka, na ga masu shafa man birki. Yau ne na fara ganin wanda ya yi wa kansa fenti. Ba wanda ya gan shi yana haɗawa?"

Na dubi takalmina.

Da wani mai da auduga suka yi ta ɓare abin, kaɗan-kaɗan, wajen awa biyu. Likitar ta ce ƙunar biyu ce: ta kayan fenti, da ta rana, don man da aka gauraya da wani abu ya daina karewa, rana ta bi ta ciki ta yi aikinta. Wani guntun busasshen fentin ya faɗo kusa da ƙafata, girman tafin jariri. Na ɗauka na ɗaga shi a haske. Duk ramukan gashin gemunsa sun fito a jiki, har da ɗan layin dariyarsa. Yana cikin gwangwanin da nake ajiye abubuwana, tare da ƙwan da ya zo ba ɓawo da makullin da ban san ƙofarsa ba.

Mako uku ta ba shi a ɗaka, labule a sake. Ɗan kwangila, da tausayi ya kama shi, ya ce zai bar masa bangon baya har ƙarshen wata, in ya wuce haka sai ya sa wani. Ɗana ya kwanta yana kallon rufi, ba ya ko tambayar abinci. Da fatar ta warke sai farin ya fito fiye da da, akuyar ta yi ƙaho.

Saura kwana biyu wata ya ƙare surukata ta ja shi zuwa babban kemis na bakin titi, na bi su. Mai kemis ɗin mace ce mai kaifin baki, ta riga ta ji labari, kamar kowa. Ta jera robar man kare rana huɗu a kan teburinta.

"Duk lamba hamsin ne, duk ba sa gudu da gumi. Ukun nan da launin fata aka yi su tun daga kamfani. Wannan na huɗun ba shi da launi, kamar ruwa yake. Kuma Malam, don Allah, cokalinka ya zauna a gida."

Ɗana bai yi dariya ba. Ya ce ta ɗiga masa kowanne. Ya ja layi uku a muƙamuƙinsa, ya ɗauki madubinta ya nufi ƙofa.

"Ina za ka kai mini madubi?"

"Ba a duba kala a hasken ƙwan lantarki. Kuma sai ta bushe."

Muka tsaya a bakin titi mu uku, motoci na wucewa, muna jiran fuskarsa ta bushe. Ya duba na farko. "Ja ya yi masa yawa." Na biyu. "Wannan na wanda ya fi ni haske ne da taki biyu." Na ukun ya daɗe a kansa. A kan baƙin ya kusa, a kan farin kuwa ya koma kamar shayin da madara ta yi wa yawa.

"Ai wannan ya yi, Baban yara," in ji surukata. "Daga nesa ba mai ganewa."

"Ni zan gane. Kalar da ta kusa ta fi tabon muni. Ban taɓa barin bangon wani haka ba."

Ya koma ciki ya karɓi na huɗun. Ya murza a kunci da goshi. Man ya shige, ba toka, ba shuɗi. Baƙin ya zauna baƙi, farin ya zauna fari, akuyata na nan da ƙahonta.

"Wannan bai ɓoye komai ba," ya ce.

"Ba a yi shi don ɓoyewa ba, Malam. Kare ka zai yi, in ka shafa da yawa, ka kuma sake a kan lokaci."

Ya tsaya yana kallon madubin har wata mai jiran magani ta yi gyaran murya.

"Ba ni biyu," ya ce.

Washegari ya fito tsakar gida da tsani a kafaɗa da malafa a ka. Ya huda gindin marfin robar ya zura igiya, ya rataya ta a wuya, don ya shafa yana can sama ba sai ya sauko ba. Surukata ta saita masa wayarsa ta riƙa ƙara duk awa biyu, ta cusa masa a aljihu. Bai yi fito ba.

Matar tela tana bakin famfo. Ta dube shi daga malafa har haɓa, ta saki baki, ruwa yana ta zuba a kan ƙafarta.

"Wai Maƙwabci, kai da kake gyara bangon kowa a garin nan, taka fuskar haka za ka bar ta?"

Surukata ta sunkuya tana naɗe tabarma. Ni na ɗaga kai ina duba rufi. Ƙafar tsanin ta bugi ƙofar gida, ya gyara shi a kafaɗa, ya fita.