Mayafin da Ba Shi da Kuskure

Fortunata Huallpa tana cikin shimfiɗa mayafi na bakwai a kan tebur sai ga jami'ar kwamitin bikin furanni ta iso da kati cike da hannu. Bana wani sabon salo aka ɓullo da shi a garinmu. Wanda aka tabbatar kayansa aikin hannu ne, sai a rataya masa koren kati ya zauna a dandali. Wanda bai samu ba kuwa ya tattara ya koma bakin tasha, wurin masu sayar da safa da bokitin roba. Shekara talatin da takwas Fortunata tana kasa kaya a gindin matakalar coci, daidai inda uwarta ta kasa.

Jami'ar, Yesenia, daga Lima, babban birnin ƙasa, aka turo ta, da tabarau da ilimin takarda. Ta ɗaga wani jan mayafi a rana, ta juya bayansa, ta bi bakinsa da farce.

"Mamita, a ina kika saro wannan?"

"Saro? A ƙuguna na saro shi, 'yar nan! Wata huɗu masaƙa tana ɗaure a nan."

"Kada ranki ya ɓaci, amma hannu ba ya yin haka. Ko zare ɗaya bai kauce ba. Wannan aikin inji ne."

Kai jama'a! Fortunata ta miƙa mata tafukanta, duk sun yi kanta, yatsu sun karkace. Yesenia ta dube su da tausayi, ta ce ai noman dankali ma yana sa haka. Ta ce za ta dawo kafin a fara jerin gwanon bikin, in babu hujja sai dai haƙuri.

A teburin kusa, koren katin Zenobia sai lilo yake. Kaf garin nan babu wanda bai san dila-dila take saro kayanta daga birni ba, mijinta ya zauna da allura yana tsinke zare nan da can don a ce aikin hannu ne. Amma Zenobia ce ta riƙe 'yar Fortunata a coci ranar baftisma, ta zama komadre ɗinta ke nan, kuma ba a tona asirin komadre a gaban baƙo.

Zenobia ta leƙo tana tauna gasasshiyar masara. "Komadre, ban gaya miki ba? Gwaninta ma in ta yi yawa laifi ce."

"Ci masararki."

Fortunata ta zauna, zuciyarta na tafasa. Tana 'yar shekara tara, duk zaren da ya kauce sai uwarta ta ƙwale mata yatsa da mazari, ta sa ta warware aikin mako guda. Rabin rayuwarta ta kashe tana korar kuskure daga hannunta, yau kuma an ce ta nemo shi.

Ta jawo jan mayafin kan cinyarta. A tsakiyarsa akwai furen da ta fi wahala a kai. Ta zare allura daga hularta, ta soka, ta ja, har ganye ɗaya ya karkace kamar haƙorin tsoho.

Da makaɗa suka fara gwada ƙaho, Yesenia ta dawo. Ba ta ma gane mayafin ba.

"Yauwa! Me ya sa kika ɓoye wannan ɗazu? Kin ga inda hannunki ya yi rawa? Ai nan daɗin abin yake."

Ta rataya koren katin, har da ɗaukar hoto. Ta nuna sauran shidan da biro, ta rage murya.

"Waɗannan na injin kuma ki sa su ƙarƙashin tebur, Mamita. Ba zan faɗa wa kowa ba."

Jerin gwano ya shigo dandali, 'yan mata suna watsa rawayen furanni, wasu suka zubo kan teburin. Fortunata ta kakkaɓe su. Ta ɗauko mayafi na biyu, shuɗi, wanda ta saƙa a shekarar da mijinta ya rasu. Wannan kam ta daɗe riƙe da allurar tana neman inda za ta soka.